Daga Dalas zuwa Hamadar Arizona a Motar Gida: Inda Muka Kwana da Gardamar da Ta Biyo Baya

Yayana ya daɗe a Dalas, a jihar Teksas, kuma tun kafin in samu biza yake cewa idan na zo ba zai bari in ga Amurka ta tagar jirgin sama ba. Da na isa a farkon Nuwamba na tarar ya yi hayar irin motar nan da suke kira RV. Gida ce sukutum a kan taya: gado a baya, wani a saman kan direba, murhun gas, firji, ɗan banɗaki, ga tebur da ake naɗewa da dare ya zama gadon yara. A ƙarƙashinta akwai tanki uku, na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida. Su ne ke juya tafiyar, domin kafin ka zaɓi wurin kwana sai ka duba abin da ya rage a na farko da abin da ya taru a na ƙarshe.

Da Yaya, da matarsa Anti, da yaransu biyu, da ni. Anti ta cika firji da soyayyun kaji da dambun nama, ta haɗo garin tuwo da kuka da daddawa da yaji, saboda da zarar ka bar manyan birane naman halal sai an sha nema. Kuɗin haya ya haura dala 100 a kowane dare, ana kuma ƙara wani abu a kan kowane mil. Ga shan mai: galan ɗaya, wato kusan lita 4, da ƙyar yake kai ta mil 10. Shi ya sa maganar inda za a kwana ta zama maganar aljihu tun daga ranar farko.

Mun bar Dalas da rana tsaka, muka bi hanya mai lamba 287 ta Wichita Falls, gonakin auduga da garkunan shanu da dogayen fankokin lantarki suna ta wucewa. Dare ya riske mu ba mu kai Amarilo ba. Anti ta buɗe wata manhaja a wayarta, inda matafiya ke rubuta sharhi a kan wuraren kwana suna ba su taurari, ta ce akwai kantin Walmart a garin da ke gabanmu kuma wani ya rubuta makon da ya wuce cewa ana barin kwana. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ashe tsohuwar al'ada ce a can: kamfanin ya bar wa manajan kowane reshe ya yanke, gwargwadon dokar garin, kuma da yawansu suna yarda mai motar gida ya tsaya a ƙarshen filin ajiye motoci ya kwana kyauta. Yaya ya shiga ya tambaya, aka nuna masa kusurwar da za mu tsaya.

Ba na manta wannan daren. Fitilun filin ba sa mutuwa, sai da muka rufe kowace taga da labule. Babu ruwa, babu wuta, babu inda yaro zai taka ƙasa ya yi wasa. A cikin mota muka haɗa magariba da isha'i, a tsakanin firji da tebur, ɗaya bayan ɗaya, fuska arewa maso gabas, don can alƙibla take daga wannan yanki. Kusa da mu akwai wata ƙatuwar mota kamar bas, sabuwa fil, ta wasu tsofaffi. Gefe kuma wata ƙaramar mota da aka toshe tagoginta da kwali. Da asuba na ga wata mata ta fito daga cikinta da kayan aiki a jikinta, ta goge baki da ruwan gora, ta gyara gashinta a madubin gefe, ta tayar ta tafi. Yaya ya ce irinta suna da yawa, suna da aiki amma kuɗin hayar ɗaki ya fi ƙarfinsu. Mu muna yawon buɗe ido, ita nan ne gidanta, kuma kwalta ɗaya muka kwana a kai. Abin ya tsaya mini a rai har muka yi nisa.

Da safe muka yi sayayyar da ta kusan kai kuɗin masauki, ruwa da burodi da 'ya'yan itace. Dalilin alherin ke nan daga wajen kantin, kuma ban ga aibunsa ba.

A hanya gardama ta tashi. Yaya ya karɓi wayar ya ga taurarin da aka ba filin sun yi kusan daidai da na sansanin gwamnati da za mu sauka a gaba. Ya ce wannan rashin adalci ne, filin kanti ba masauki ba ne, bai kamata ma a sa shi a jerin ba. Anti ta ce, “Alhaji, ba don wanda ya rubuta ba, da jiya muna ta yawo cikin duhu da yara.” Ni dai na yi shiru, baƙo ne.

Sansanin shi ne na Palo Duro, kudu maso gabas da Amarilo. Kana tafe a fili shimfiɗe, sai ƙasa ta tsage a gabanka, kwari mai zurfin kusan mita 240, bangonsa ja da ruwan ɗorawa. Shi ne na biyu a girma a ƙasar. Matasan da gwamnati ta ɗauka aiki a shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, su suka fasa titin da ke gangarawa ciki. An ba mu fili mai lamba, da famfo, da wurin jona wuta, da tebur mai rumfa, da murhun ƙarfe, ga banɗaki da ruwan zafi 'yan taku kaɗan. Kuɗin filin dala 20 da wani abu, ban da kuɗin shiga na kowane babba. Wasu tsofaffi mata da miji da ke kula da wurin a matsayin sa kai suka zo suka gaishe mu, suka gaya mana ƙarfe 10 na dare ake daina hayaniya. Anti ta tuƙa tuwo a waje, ƙamshin daddawa ya cika wurin, yara suka yi ta gudu har suka gaji. Na shimfiɗa darduma a ƙasa na yi salla a sarari. Yaya ya dube ni ya ce, “Malam, wannan da na jiya abu ɗaya ne?” Na ce ko kusa.

Daga nan muka hau babbar hanya mai lamba 40 muka shiga Niyu Meziko, Tucumcari da Santa Rosa, tafiya miƙaƙƙiya ba abin ba da labari. Tankin bayan gida ya cika, wanki ya taru, don haka muka sauka a wani sansani mai zaman kansa kafin Albuquerque, dala 50 da ɗoriya. Mai wurin dattijuwa ce, ita ke karɓar kuɗi, ɗanta ke gyaran famfo. Da Yaya ya kawo mata maganar sai ta ajiye biro. Ta ce tana biyan haraji, tana biyan inshora, hukuma na zuwa duba ruwanta da magudanarta, ita ke wanke banɗaki kowace safiya. Duk da haka mutum zai ba ta tauraro uku don intanet ya yi masa nawa, ya je ya ba filin kanti biyar don bai biya ko sisi ba. “Da me za a gwada ni da wanda ba ya sayar da komai?” Ban ga ƙarya a maganarta ba. Abin da ba ta faɗa ba, Yaya ya gaya mini a mota, shi ne cewa a wasu garuruwa masu sansanoni na cikin waɗanda suka matsa aka kafa dokar hana kwana a filayen kantuna. Kowa da abincinsa yake karewa.

A wannan jiha na ci barkonon da ya tuna mini da gida, kore, gasasshe, ana zuba shi a kan kusan komai. Sai dai wake da ganye a gidajen abinci sai ka tambaya, don sau da yawa da naman alade ake dafawa.

Wahalar tafiyar ta same mu ne a tsaunukan arewacin Arizona, inda ƙasa ta haura mita 2,000 kuma sanyin dare ke daskarar da ruwa. Mun isa wani gari bayan an rufe wani babban kanti, babu wanda za a tambaya. Manhaja ta nuna taurari masu kyau da sharhin cewa ana kwana lafiya. Muka tsaya, muka kunna na'urar ɗumama ɗaki, yara suka yi barci. Wajen ƙarfe ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi, fitila mai walƙiya tana haska labule. Mai gadi ne. Bai yi mana rashin mutunci ba, ya ce dokar gari ta hana kwana a mota a irin wannan fili, idan ba mu tashi ba za a kira masu jan mota. Ƙaramar 'yar Yaya ta farka tana kuka tana cewa, “Baffa, 'yan sanda ne?” Da Anti ta sake dubawa sai ta ga sharhin ƙarshe ya fi shekara biyu. Taurarin suna nan daram, izinin ya daɗe da mutuwa.

Muka koma kan hanya cikin sanyi da barci a ido, har muka samu wani babban gidan mai na 'yan tirela. Fili cike maƙil, injuna na ruri. Yaya ya hango gurbi ɗaya tsakanin tireloli biyu zai shiga, sai wani direba ya ɗaga mana hannu ya matso. Da ya ga hular Yaya sai ya yi sallama. Ɗan Somaliya ne, irinsu suna da yawa a wannan sana'a a can. Ya roƙe mu kada mu tare wurin. Ya ce doka ta ba direban tirela awa 11 na tuƙi, sannan dole ya huta awa 10, na'ura ce a motar ke lissafawa, ba ta san uzuri ba. Idan lokacinsa ya cika bai samu gurbi ba, sai ya kwana a bakin titi ko wani kango. Ya ba mu labarin Jason Rivenburg, direban da aka kashe a 2009 a jihar Karolina ta Kudu, a wani gidan mai da aka daina amfani da shi inda ya tsaya ya huta, wanda daga baya a 2012 aka yi doka da sunansa don ƙara wuraren tsayawar manyan motoci. Ya ce har yau ba su isa ba. Ya taka da ƙafa ya nuna mana inda masu motar gida ke tsayawa ta gaban shagon, ya dawo da shayi mai citta a fulas ɗinsa ya zuba mana. Allah ya saka masa da alheri.

A daren nan ne ra'ayina ya zauna. Yaya ya ce ka gani, ga abin da sa filin kanti a jeri ke jawowa. Ni kuma na ga akasin haka. Sansani yana da waya, yana da ofis, yana da allo a bakin hanya. Ko ba wanda ya rubuta komai a kansa za ka same shi. Filin kwana ba shi da ko ɗaya. Abin da matafiyi na jiya ya rubuta shi ne kaɗai idon matafiyin yau. Da wani cikin waɗanda aka tasa kafin mu ya ɗauki minti ɗaya ya rubuta an hana, ya sa kwanan wata, da yarinyar nan ba ta yi kuka ba. Da wani ya rubuta cewa layin baya na 'yan tirela ne, da ba sai direba ya bar barcinsa ya fito cikin sanyi ba. Rashin sharhi ne ya cuce mu, da taurarin da ba sa tsufa.

Na gaya wa Yaya abin da kakanmu ke ba mu labari na mahaifinsa, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja. Fatake sun san wuri iri biyu. Akwai masauki a garin kasuwa, irin Salaga, inda fatoma ke karɓarka, ya ajiye kayanka, ya haɗa ka da dillali, ya ci ladansa, kuma idan ya ci amanarka sunansa ya ɓaci a bakin fatake har Kano. Akwai kuma zango a hanya, fili ne kawai a bayan gari kusa da ruwa, a sauke jakuna a kwana a tashi da asuba. Ba wanda ya taɓa gwada zango da gidan fatoma. Amma ilimin madugu kusan duk na zango ne: wace rijiya ta ƙafe bana, wane sarki ya ƙara kuɗin fito, wane daji 'yan fashi suka koma. Idan ayari biyu suka haɗu, mai zuwa da mai dawowa, wannan labarin ake fara musaya, kuma na bara ba ya amfani. Jagaba ma don haka yake yin gaba. Har gobe direbobinmu haka suke yi a kan Tafa da Mararrabar Jos, kowa ya san inda ake tsayawa a wannan watan da inda aka daina. Yaya ya yi dariya ya ce to ai madugu bai taɓa ba zango tauraro biyar ba. Na ce nan kam mun haɗu.

Grand Canyon, kwarin da ya fi kowane girma a ƙasar, ba zan ɓata baki wajen siffanta shi ba, gani ya kori ji. An mai da shi gandun ƙasa a 1919, mun biya dala 35 kuɗin shigar mota. Abin da ya shafi zancenmu shi ne sansanin Mather da muka sauka a bakin kudu, wanda Yaya ya kama tun watanni kafin zuwana. Babu wurin jona wuta, babu famfo a filinka, wanka sai ka je wani gini ka biya. Ta fuskar kayan more rayuwa bai fi filin kanti da yawa ba. Amma ga itatuwa, ga wasu manyan barewa masu rassan ƙaho suna kiwo a gefen mota, kuma babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa. A nan na gane bambancin ba na ruwa da wuta ba ne. A sansani haƙƙi gare ka, ka biya, an rubuta sunanka, kana iya auna abin da aka ba ka da abin da aka yi maka alkawari. A filin kanti alfarma aka yi maka, kuma mai alfarma yana iya janyewa gobe. Haƙƙi ake yi wa maki. Alfarma bayaninta ake yi: tana nan ko ta ƙare, wa ya bayar, da wane sharaɗi.

Muka gangara ta Kingman da Parker zuwa Quartzsite, ƙaramin gari a hamada da dubban masu motar gida ke kwararowa kowane hunturu suna gudun sanyin arewa. Ƙasar da ke kewaye ta gwamnatin tarayya ce, akwai wuraren da za ka zauna kwana 14 kyauta, ba ruwa ba banɗaki, daga kai sai tsakuwa da ƙaya. A maƙabartar garin akwai ɗan gini mai siffar dalar gyaɗa da raƙumin ƙarfe a samansa, kabarin Hadji Ali, wanda sojan Amurka suka ɗauko daga ƙasashen daular Usmaniyya ta Turkiyya a 1856 don ya kula da raƙuman da suka gwada amfani da su a hamada. A nan ya rasu a 1902, aka gina dalar a 1935. Mun tsaya mun yi masa addu'a.

Maƙwabcinmu a hamadar tsoho ne ɗan ƙungiyar Escapees, ta masu zama a mota, wadda aka kafa a 1978. Ya ce ya sayar da gidansa tun da matarsa ta rasu. Ya lissafa mana ladubban da ƙungiyarsu ke koyarwa a kan filin kanti: ka nemi izini, dare ɗaya kawai, kada ka buɗe rumfa ko ka fito da kujeru da murhu, kada ka kafa ƙafafun ƙarfe su huda kwalta, ka yi sayayya, ka bar wurin fiye da yadda ka same shi tsabta. Shi tsoronsa daban ne da na Yaya. Ya ce duk filin da aka cika yabo, jama'a ke yi masa yawa, a samu wanda zai zauna mako guda, ko ya zubar da ruwan datti a magudana, sai manaja ya kafa allon hani, kowa ya rasa. Ya ce ya ga wurare da dama sun rufe a kan idonsa. Wannan ma hujja ce a kan taurari, don tauraro kira yake yi a zo a more, alhali wurin na wucewa ne. Kuma idan aka rufe, mai sabuwar bas sansani zai tafi ya biya. Mai kwali a taga ita ce ba ta da inda za ta.

Dawowa ta hanya mai lamba 10 muka yi, Finiks, Tucson, Las Cruces, El Paso, inda kake hango gidajen Meziko a tsallaken shinge. Gabas da El Paso, kusa da Sierra Blanca, akwai shingen jami'an kan iyaka a tsakiyar hanya, ko da yake ba ka ƙetare ko'ina ba. Kowace mota sai ta rage gudu, kare na zagayawa yana shinshina. Jami'in ya tambaya ko dukanmu 'yan ƙasa ne, Yaya ya ce ban da ni. Aka sa muka koma gefe, na miƙa fasfo, ya duba biza, ya leƙa cikin motar, ya tambaye ni ranar komawa, ya miƙo mini ya ce mu sauka lafiya. Duk wanda zai bi wannan hanya da bizar ziyara ya riƙe fasfonsa a jiki, kada ya bar shi a gidan masaukinsa.

Mun kwana a wurin hutawa na gwamnatin Teksas a bakin hanya, inda doka ta yarda ka tsaya har awa 24, sannan a bayan wani gidan abinci na Cracker Barrel, wanda rassansa da yawa ke da dogayen gurabe don irin motarmu. Muka ci soyayyen tarwaɗa a ciki kafin mu kwanta. Tsakanin Odessa da Midland rijiyoyin mai ne ko'ina, wutar gas na ci da dare. Kafin mu mayar da motar muka biya dala 10 a wani gidan mai muka juye tankuna, aikin da Yaya ya yi da safar hannu yana kawar da fuska. Da ya yi lissafi, mai ne ya fi cin kuɗi, sai haya, kuma dararen da muka kwana kyauta su suka sa muka iya biyan na Palo Duro da Mather ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba.

Yaya bai sauka daga kan cewa kada a haɗa su a jeri ɗaya ba, kuma a wannan na bi shi: a ware musu shafinsu, kada darajar dattijuwar nan ta riƙa gogayya da kwalta. Anti kuma ta zauna a falo ta rubuta na kowane wuri. Sansanonin ta ba su maki ta faɗi dalili. Filayen ta rubuta ranar da muka kwana, wanda ya ba da izini, kusurwar da aka nuna mana, ƙarar injuna, hasken fitila, ko ƙasar a karkace take, da ko mace za ta iya fita da dare hankali kwance. Manhajar ta ƙi karɓa sai an danna tauraro, don haka ta ba kowane fili uku, ta rubuta a layin farko cewa a duba kwanan wata. Na garin tsaunin nan ta fara da shi: an hana kwana, dokar gari ce, ana tashin mutane da tsakar dare, gidan man 'yan tirela yana gaba, a tsaya ta gaban shago a bar musu layin baya.